Yadda Za Ka Ga Rabuwar Sel da Sabuntar Hular Saiwa da Idonka, da Albasa da Masara

Duk saiwar da ke kutsawa cikin ƙasa, ta gero ce ko ta kuka, akwai wani ɗan murfi a tsininta wanda masana tsirrai ke kira hular saiwa. A masara tsawonsa bai wuce kamar rabin milimita ba. Shi ke fara cin karo da yashi da tsakuwa, kullum cikin goguwa yake, ƙwayoyin halittarsa na waje, waɗanda 'yan makaranta suka sani da sel, suna saɓulewa suna zama a ƙasa. Duk da haka hular ba ta ƙanƙancewa, domin daga ciki ana haifar sababbin sel gwargwadon waɗanda suka tafi. Ɗaliban sakandare da yawa sun haddace wannan, sun zana shi a jarrabawar WAEC ko NECO, ba su taɓa ganinsa ba. Alhali kayan aikin suna nan a kasuwa, in ban da madubin kimiyya, wato maikuroskop, da 'yan sinadarai biyu ko uku.

Aikin kashi biyu ne, kuma kowane da shukar da ta dace da shi. Albasa ce ta ganin rabuwar sel, saboda kuromosom ɗinta, wato zare-zaren da ke ɗauke da gadon halitta a cikin sel, manya ne kuma 16 ne kacal a kowane sel. Masara ce ta ganin hular kanta, saboda iyakar da ke tsakanin hularta da jikin saiwa a fili take, har ana iya cire hular ɗungurungum. Wanda ya nace sai ya yi duka biyun da albasa kaɗai zai sha wahalar banza.

Abin da za ka tanada

Albasa uku ko huɗu masu matsakaicin girma, dintsi guda na masarar shuka, kofunan gilashi ko yankakkun gorunan ruwa, tsinken sakace, sabuwar reza, allura, hantsaki, tishu, gilasan silaid, waɗanda ake ɗora abin dubawa a kansu, da siraran gilasan da ake rufe su da su. Madubin ya zama yana ƙara girman abu har sau 400. Ba lallai sai mai lantarki ba, wanda ke karɓar haske daga taga ma yana yi.

Sinadarai kuwa: asid haidurokulorik mai ƙarfin mola 1 (mola ma'aunin kaurin sinadari ne a cikin ruwa), ruwan aidin, da rini. Idan asid mai kauri kake da shi a ɗakin gwaji, na kashi 36 ko 37 cikin ɗari, ɗebi mililita 8 da ɗigo kaɗan ka zuba a ruwa, ka cika ya zama mililita 100. Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Malami ne zai yi wannan haɗin, da tabarau da safar hannu, ba ɗalibi ba. Kada kuma wani ya ce ai ruwan batir ma asid ne. Wani asid ne daban, zai ƙone saiwar, zai iya ƙona mai riƙe da shi.

Rinin da ya fi kyau shi ne aseto-osin, ko aseto-kamin, masu ba kuromosom launin ja mai duhu. In babu su, tolwidin bulu ko metilin bulu da ake samu a ɗakunan gwajin asibiti suna yi. A ƙarshen ƙarshe akwai GV na kemis da ake shafa wa gyambo, amma sai an sirka shi da ruwa sosai har ya yi haske, kuma hoton da zai bayar bai kai na sauran tsabta ba.

Fitar da saiwar albasa

Nan ne aikin ke lalacewa tun kafin a fara shi. Albasar da aka cire daga gona kwanan nan takan yi barci, ko an jiƙa ta sai ta ƙi fitar da saiwa. Nemi wadda ta ɗan kwana a rumbu ko wurin mai kayan miya, mai tauri, wadda ba ta fara ruɓa ba. Jar albasar da ake kawowa daga Aliero ko Galmi duk tana yi. In albasa ta ƙi, ɓare tafarnuwa ka jiƙa gindin 'ya'yanta, ita ma kuromosom 16 gare ta kuma takan fi saurin tsira.

Cire busasshen ɓawon waje. Juya gindin, ka kankare tsofaffin busassun saiwoyi da reza a hankali, ba tare da ka yanke faifan gindin ba, don daga gefen faifan nan sababbi za su fito. Soka tsinken sakace uku a jikin albasar, ka ɗora ta a bakin kofi, ka cika ruwa har ya taɓa gindin kaɗai. In ruwa ya haɗiye rabin albasar, ruɓewa za ta yi. Ruwan rijiya ko na sama ya fi. In na famfo ne mai warin magani, bar shi ya kwana a buɗe.

Ajiye kofin a inuwa, ka riƙa sauya ruwan kullum. Saiwa tana numfashi, tsohon ruwa kuma iskarsa ƙarewa take, musamman lokacin bazara. Cikin kwana uku zuwa biyar fararen saiwoyi za su kai santimita biyu ko uku. Wannan ne lokacinsu. Ɗaga ɗaya ka duba ta a haske: jikinta garai-garai ne, amma dab da tsini akwai wani ɗan wuri mai farin madara, wanda haske ba ya ratsa shi sosai. Wurin rabuwar ke nan, meristem a bakin masana. Sel ɗin da ke nan ƙanana ne, a cushe, shi ya sa launinsa ya bambanta. Ɗan tsinin da ke gabansa shi ne hula. Saiwar da tsininta ya yi ruwan ƙasa ko ya yi laushi ta daina girma, ka bar ta.

Malamai da yawa sun fi son yanka da hantsi. Ba laifi, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne saiwar ta kasance tana tsaka da girma. Auna tsawonta jiya da yau. In ta ƙaru, akwai rabuwa a ciki.

Yanka, laushi, rini, latsawa

Yanke santimita ɗaya daga ƙarshen saiwoyi biyar ko shida. Yanka da yawa, domin ba duka za su yi kyau ba. In ba yau za a yi darasin ba, jefa su cikin haɗin kashi uku na etanol da kashi ɗaya na asid asetik mai kauri su kwana, washegari ka mayar da su cikin etanol na kashi 70 cikin ɗari. Wannan haɗin yana kashe sel nan take ya bar kowane a halin da ya same shi, kuma saiwar za ta yi makonni ba ta lalace ba. Dabara ce mai amfani ga malamin da ke da azuzuwa huɗu da madubi ɗaya.

Zuba asid haidurokulorik kaɗan a ƙaramar kwalba, ka saka saiwoyin. In kana da ma'aunin zafi, tsoma kwalbar cikin kwanon ruwan ɗumi mai digiri 60 na tsawon minti biyar. In babu, bar ta a zafin ɗaki kamar minti goma sha biyar. Amfanin asid shi ne narkar da ɗankon da ya manne bangon sel da na maƙwabcinsa, ta yadda za su baje in an latsa. In lokacin ya gaza, saiwar za ta ƙi bajewa, ka ga sel a kan sel, duhu kawai. In ya zarce, za ta narke tun kana ɗaukarta. Taɓa ta da allura: ta yi laushi amma tana nan a siffarta, to ta yi.

Tsamo su ka wanke a ruwa mai sanyi na minti huɗu ko biyar. Kada ka yi gaggawa a nan, musamman in shuɗin rini za ka yi amfani da shi, don ragowar asid na hana shi kamawa.

Ɗora saiwa guda a kan silaid. Yanzu ka natsu ka gane wane ɓangare ne tsini, domin bayan asid duka ƙarshen biyu sukan yi kama. Tsini shi ne mai siffar kan fensir, mai farin madara. Yanke milimita biyu daga wannan ƙarshen, ka ture sauran gefe. Mafi yawan silaid ɗin da ɗalibai ke cewa ba su ga komai a ciki ba, jikin saiwa aka latsa aka yar da tsinin.

Ɗiga rini ɗigo ɗaya. Aseto-osin na son minti biyar zuwa goma, kuma ɗan ɗumama silaid ɗin a kan fitila na taimakonsa, amma kada ya tafasa ko ya bushe. Shuɗin rini minti biyu ya ishe shi, sai ka tsotse shi da tishu ka ɗiga ruwa. Da bakin allura ka ɗan farfasa naman tsinin. Kawo gilashin rufi, ka jingina gefensa ɗaya, ka saukar da shi sannu-sannu don kada iska ta maƙale. Ninka tishu ka ɗora a kai, ka sa babban yatsa ka danna ƙasa tsaye, da ƙarfi daidai. Kada gilashin ya zame ko kaɗan. In ya zame, sel za su nannaɗe, kuromosom su kakkarye. Bayan latsawa ya kamata ka ga wani ɗan tabo mai launi ya baje, faɗinsa kamar rabin santimita ko fiye.

Abin da za ka gani

Fara da ƙaramin ido na madubin, ka nemo tabon, sannan ka hau na tsakiya. Sel iri uku za su bayyana, kuma gane su shi ne rabin aikin. Akwai dogaye, masu siffar bulo, a jere: waɗannan sun bar wurin rabuwa sun shiga miƙewa, ba za ka ga rabuwa a cikinsu ba. Akwai wasu manya-manya, masu ɗan zagaye, a warwatse can gefe, ba su manne da juna sosai ba: na hula ne, waɗanda suka tsufa suna shirin saɓulewa, su ma ba sa rabuwa. Sai ƙanana masu kusurwa huɗu, tsawonsu da faɗinsu kusan ɗaya, cibiyarsu, wato dunƙulen da kuromosom ke ciki, ta cika kusan rabin cikinsu. Nan za ka tsaya ka juya zuwa sau 400.

Mafi yawansu za ka gan su da cibiya dunƙulalliya mai launi bai ɗaya. Suna matakin intafes. Ido na ganin kamar hutu suke, alhali a lokacin ne suke kwafar DNA ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, suna tara abin da za su raba. Bi layi-layi a hankali, za ka ci karo da wanda cibiyarsa ta zama zare-zare a cukurkuɗe. Furofes ke nan, kuromosom sun fara kauri. Wanda kuromosom ɗinsa suka taru suka yi layi mai duhu a tsakiyar sel yana metafes. Anafes shi ne mai daɗin gani, kuma shi ne mai wuyar samu don ba ya daɗewa: kuromosom sun rabu gida biyu, kowane rukuni ana jansa zuwa ƙarshen sel, hannayensu na bin baya. A telofes rukunan biyu sun isa, sun fara dunƙulewa, kuma in rinin ya yi kyau za ka hango wani siririn layi a tsakaninsu. Sabon bango ne ake ginawa daga tsakiya zuwa gefe. Sel ɗin dabba tsukewa yake yi daga waje har ya rabu, na tsiro kuwa bangonsa mai tauri ba ya tsukuwa, sai dai a gina katanga a ciki. Bajamushe Walther Flemming ne ya raɗa wa wannan rabuwa suna maitosis a 1882, bayan ya daɗe yana kallonta a jikin wata dabbar ruwa mai kama da ƙadangare.

Kada ka sa rai za ka ƙirga kuromosom 16 cif. A silaid irin wannan sukan hau kan juna. Masu son ƙirga su sai sun fara jiƙa saiwar a wani magani mai tsayar da rabuwa a metafes.

Wayar hannu na iya ɗaukar hoto ta idon madubin in ka riƙe ta daidai ka ɗan ja baya har da'irar haske ta cika fuskarta. Da hoto ƙidaya ta fi sauƙi, kuma ƙidayar ce ke mayar da kallo ya zama kimiyya. Ƙirga duk sel ɗin da ke wurin rabuwa a fage uku ko huɗu, ka ware masu rabuwa. A ce, misali, ka ƙirga 200, ka sami 20 suna rabuwa: kashi 10 cikin ɗari ke nan. In 4 daga ciki suna metafes, kuma ka ɗauki awa 24 a matsayin tsawon zagayen rayuwar sel ɗin albasa kamar yadda littattafan makaranta ke yi, sai ka raba 4 da 200 ka ninka da minti 1,440, ka sami kusan minti 29. Hujjar lissafin ita ce matakin da ya fi daɗewa shi za a fi kama sel a cikinsa. Kiyasi ne, domin zafi da sanyi na sauya tsawon zagayen, saiwar hunturu ba ta sauri kamar ta bazara.

Yanzu sai masara

Jiƙa masara ta kwana. Shimfiɗa tsumma mai tsabta ko tishu mai kauri, jiƙaƙƙe amma ba mai ɗiga ba, ka jera ƙwayoyin kusa da gefen sama, tsinin kowace na kallon ƙasa. Naɗe tsumman, ka tsayar da shi cikin kofi mai ɗan ruwa a gindi, ka rufe da leda sako-sako. Tsayuwar ce za ta sa saiwoyin su fito a miƙe, kuma miƙaƙƙu kake bukata. Jiƙa aƙalla talatin, don za ka zubar da karkatattu. Bayan kwana biyu ko uku saiwar farko za ta kai santimita biyu zuwa uku.

Ɗauki ɗaya ka tsoma tsininta cikin ɗigon ruwa a kan silaid na minti biyu, ka ɗaga. Za ka ga wani ɗigon yauƙi ya kumbura a tsinin. Sel ɗin wajen hula ne ke fitar da shi, yana sauƙaƙa wa saiwa kutsawa, yana riƙe danshi, yana kuma manna ƙasa a jikinta. Manomin da ya taɓa lura da yauƙin da ke rataye a saiwoyin da ke fitowa daga gaɓar karan masara ko dawa da sassafe bayan ruwan sama, irinsa ne ya gani. Shafa wannan ɗigon a silaid, ka rufe ba tare da latsawa ba, ka duba. Cikin yauƙin akwai sel ɗaiɗai suna yawo, dogaye da masu lanƙwasa. In ka ɗiga baƙar tawada mai gawayi a gefen gilashin, za ta baƙanta ko'ina ta bar yauƙin fari, iyakarsa ta fito sarai.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan sel a matsayin matattun tarkace. Binciken Martha Hawes a Jami'ar Arizona, galibi a kan saiwar wani nau'in wake, ya nuna cewa da yawansu da ransu suke rabuwa da hular, suna ci gaba da rayuwa a cikin ƙasa na wani lokaci, suna fitar da abubuwan da ke tare ƙwayoyin cuta kafin su isa tsinin. Saɓulewar dai ba asara ba ce kawai, aiki ne saiwar ke tura su.

Sai gwajin aidin. Kwantar da wata saiwar a kan silaid, ka tsaga milimita ukun ƙarshe gida biyu a tsaye da sabuwar reza. Yana bukatar hannu mai natsuwa, kuma za ka ɓata biyu ko uku kafin ka dace. Ɗiga aidin da aka sirka, ka jira minti ɗaya. Tsakiyar hular za ta yi shuɗi-baƙi, wurin rabuwa da ke bayanta kuma ya tsaya rawaya. A madubi za ka ga baƙin ƙwayoyi ne a cikin sel ɗin da suka jeru a tsakiyar hula. Sitaci ne, a cikin wasu 'yan jakunkuna masu nauyi. Duk inda saiwa ta juya, sai su gangara su kwanta a ɓangaren sel da ke ƙasa, yadda gasara ke kwanciya a gindin bokiti. Da wannan kwanciya saiwa ke sanin ina ne ƙasa. Gottlieb Haberlandt da Bohumil Němec ne suka kawo wannan bayani a 1900, kowanne da nasa binciken.

Cire hular

Wannan shi ne gwajin da na fi so a ba ɗalibai, domin sakamakonsa ba ya bukatar madubi. Zaɓi tsirrai goma sha biyar masu miƙaƙƙiyar saiwa, ka kasa su uku. Kashi na farko kada ka taɓa su. Kashi na biyu ka cire musu hula kaɗai. Kashi na uku ka yanke milimita uku daga tsini, wato hula da wurin rabuwa gaba ɗaya.

Cire hula kaɗai shi ne mai wuya. Sa gilashin ƙara girma, ko ƙaramin idon madubi, ka nemo layin da ya raba hula da jiki. Saiwar na jiƙe, ka ɗora bakin reza a kan layin, ka ɗan tsaga kaɗan, sannan ka ture hular gaba. In an dace takan fita ɗungum ta bar ƙarshen saiwar a dunƙule, sumul. In ka ga ƙarshen ya yi fale-fale kamar an datse, ka shiga jiki, mayar da wannan tsiron kashi na uku.

Kafin ka kwantar da su, ɗauki alƙalami mai siririn baki wanda ruwa ba ya wanke tawadarsa, ka ɗiga alama a kowace milimita daga tsini zuwa santimita ɗaya a saiwa ɗaya ko biyu na kowane kashi. Sai ka soke kowace ƙwayar masara da allura a jikin kwali ko soso, saiwar a kwance, ba ta taɓa komai ba. Saka su cikin roba mai murfi da ka shimfiɗe da jiƙaƙƙen tishu, ka ajiye a duhu. Danshi shi ne ran gwajin. In iskar cikin robar ta bushe, duk saiwoyin za su tsaya, ba za ka koyi komai ba. Lokacin hunturu ka ƙara yayyafa ruwa.

Duba bayan awa uku, bayan awa shida, sannan washegari. Kashi na farko za su lanƙwasa su nufi ƙasa cikin 'yan awoyi. Lura da inda lanƙwasar take: ba a hular ba, can baya ne da 'yan milimita, daidai inda alamun tawada suka fi nisanta da juna, wato wurin miƙewa. Kashi na biyu za su ci gaba da tsawo, alamunsu na buɗewa, amma a kwance, ba su san ƙasa ba. Abin da ke faruwa shi ne, a saiwa mai hula, kwanciyar sitaci na sa hular ta karkata wani sinadarin girma mai suna oksin zuwa gefen ƙasa. Yawan oksin a saiwa rage miƙewa yake yi, sai gefen sama ya fi na ƙasa tsawo, saiwar ta sunkuya. Wurin ji daban, wurin aikatawa daban.

Wani masanin tsirrai mai suna Theophil Ciesielski ya lura da haka a 1872. Charles Darwin da ɗansa Francis suka maimaita gwajin suka wallafa a 1880, masana da dama suka ƙi yarda, suna cewa raunin yanka ne ya ruɗa saiwar. Ƙorafin yana da ƙarfi, kuma ɗalibi mai kaifin hankali zai iya kawo shi a aji. Amsarsa ta zo a 1966, lokacin da Barrie Juniper da abokan aikinsa a Ingila suka cire hular masara ita kaɗai, suka nuna saiwar na ci gaba da girma lafiya amma ba ta sunkuyawa. Kashi na biyu na gwajinka ke nan.

Kada ka zubar da su, sabuntawar tana gaba. Ci gaba da jiƙa robar kana dubawa kullum. Bayan yini ɗaya ko biyu, saiwoyin da aka cire wa hula za su fara sunkuyawa, tun ma hular ba ta gama dawowa ba, domin sel ɗin da ke ƙarshen sun fara tara sitaci. Cikin 'yan kwanaki sabuwar hula za ta bayyana. Kowace rana ka sadaukar da saiwa ɗaya, ka tsaga ta ka ɗiga aidin, ka zana abin da ka gani. Jerin zanen nan zai nuna baƙin sitaci na dawowa kaɗan-kaɗan.

Daga ina sabuwar hular ta fito, alhali an cire har sel ɗin da ke haifar ta? A tsakiyar wurin rabuwa, dab da bayan hula, akwai wani ɗan gungun sel da ba su cika rabuwa ba. Lionel Clowes na Jami'ar Oxford ne ya gano shi a shekarun 1950, ya kira shi cibiya mai shiru. Muddin hula na nan, a natse suke. Da zarar an cire ta sai su farka su shiga rabuwa, waɗanda ke waje su zama sababbin iyayen hula. A saiwar da ba a taɓa ba kuwa, layin sel da ke gindin hula ne ke rabuwa: ɗa ɗaya ya tsaya a gurbin uwar, ɗayan a tura shi gaba. Wanda aka tura zai fara da tara sitaci yana jin ƙasa, sababbi na turo shi daga baya, in ya kusa waje ya koma fitar da yauƙi, daga nan ya saɓule. Sel guda, aiki uku a jere. A ɗan tsiron nan Arabidopsis da masana ke yawan gwaji da shi, an gano a 2008 a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan cewa wata ƙwayar gado mai suna FEZ ce ke ingiza wannan rabuwa, wata kuma mai suna SOMBRERO na taka mata birki tana sa sel su balaga. In ɗaya ta lalace, sai layukan hular su ragu ko su yi yawa.

Kashi na uku ba za su sake hula a wurin yankan ba, don an tafi da cibiya mai shiru. Saiwar za ta ɗan ƙara tsawo ta tsaya, bayan kwanaki kuma ƙananan saiwoyi su ɓullo daga gefenta, kowace da tata sabuwar hula. Abin da ke faruwa ke nan ga dashen tumatir ko barkono da aka fizge daga busasshiyar ƙasa: tsinayen sun tsinke, shukar ta yi kwanaki a langaɓe kafin saiwoyin gefe su kama. Shi ya sa masu lambu ke shayar da bedi sosai kafin cira, su ɗago dashen da ƙasarsa.

In akwai tafki kusa, ciro kainuwa guda ka duba ƙarshen saiwoyinta. Akwai wata 'yar jaka sako-sako da ke rufe da kowane tsini, ana ganinta ba madubi, ana iya zare ta da yatsa. Ita ba ta goguwa da ƙasa, kuma in an zare ta ba ta dawowa. Ajiye ta kusa da ta masara a kwatanta.

Wanda ke neman aikin bincike na ƙarshen zango zai iya faɗaɗa gwajin albasar. Tun 1938 Albert Levan na ƙasar Suwidin ya fara amfani da saiwar albasa don ganin yadda sinadarai ke taɓa kuromosom, kuma har yau ana auna gurɓatar ruwa da ita. Jera kofuna: ɗaya da ruwa mai tsabta, sauran da ruwan da ake zargi, kamar na kwatar marina ko na majema, a sirke kashi-kashi, rabi, rubu'i, da ɗaya cikin goma. Albasa aƙalla uku ga kowane haɗi, masu girma ɗaya, a wuri ɗaya. Bayan kwana huɗu ka auna tsawon saiwoyi, ka yi silaid daga kowane kofi, ka ƙirga kason masu rabuwa. A anafes ka duba ko akwai kuromosom da ya maƙale a tsakiya, ko wani zare da ya haɗa rukunan biyu bai tsinke ba. Sa safar hannu wajen ɗibar irin wannan ruwa, kuma albasar da aka yi gwaji da ita a binne ta, kada ta koma kicin.